Ƙayar Gimbiya

Ranar da Hedimasta ya ajiye aiki, 'yan makaranta suka huta, matarsa ta karɓi layi. Shekara talatin da biyar hannunsa na dama ya saba da bulala, ga hannun nan lafiya ƙalau, amma babu sauran ɗan kowa a gabansa. 'Ya'yansa uku sun girma, kowa ya nemi gari mai nisa ya lafe, sai gaisuwa ta waya, ita ma a gurguje. Gidan ya rage daga shi sai matarsa, wadda 'yan unguwa ke kira Mai Keke saboda ɗinki, sai kuma dabino bakwai da ya dasa a tsakar gida.

Dabinon ba na sayarwa ba ne, sha'awa ce kawai, irin wadda wani yake yi wa tattabaru. A cikinsu akwai wadda ya sa wa suna Gimbiya, tana bakin baranda, kututturenta bai wuce ƙirjin mutum ba, amma rassanta sun baje kore shar. Tun tana 'yar ƙarama ya samo ta a wata tafiya, ya naɗe saiwarta da jiƙaƙƙen buhu, ya rungumo ta a cinya har gida. Mai Keke ta haifa masa uku, ba ta tuna ranar da ya riƙe ɗaya daga cikinsu haka ba.

Kullum da safe zai fito, hannu goye a baya, ya bi su ɗaya bayan ɗaya kamar yana duba farcen ɗalibai. Ya haƙa wa kowace ɗan rami kewaye da gindi don ruwa ya zauna. Sai ya durƙusa ya cusa yatsa a ƙasa. In ya fito da laima shi ke nan, in ya fito a bushe, to ranar wani zai ji a jikinsa, kuma wanin nan mutum ɗaya ne. Ruwan famfo awa biyu yake yi da safe ya ɗauke. Kowace bishiya bokiti huɗu, Gimbiya shida, talatin ke nan cif. Shi ba ya ɗauka, wai yana da ciwon baya. Ciwon bayan nan mai hankali ne, bokiti kaɗai ya sani, bai taɓa hana shi ɗaga hannu sama ba.

Abin ya fara ne ana gab da komawa makaranta, ɗinkin kayan yara ya yi wa Mai Keke yawa. Ta tsaya ƙarasa wuyan wata riga, tana komawa bakin famfo ta tarar ya ɗauke, bokiti ashirin da biyu kawai ta samu. Hedimasta ya cusa yatsa a gindin Gimbiya, ya duba. Ya shiga ɗaki ya ɗauko wuƙarsa mai lanƙwasa, ya zaɓi ɗanyen reshe, ya yanke shi daf da jikin bishiyar. Ya zauna a kujerarsa ya zage ganyen, ya bi ƙayoyin gindin reshen yana fere su ɗaya ɗaya a natse, kamar mai feƙe fensir. Tana ɗaki tana jin sautin wuƙar, ta zaci gyara yake yi.

"Ke! Fito nan."

Ta fito da tef ɗin awo a wuya. "Malam, ruwan ne ya ɗauke da wuri yau. Zan sayo na masu tura kurar ruwa in cika."

"Ban tambaye ki ba. Miƙo hannu."

Ta yi 'yar dariya, don ta ɗauka wasa ne. Da ta ga idonsa sai dariyar ta maƙale. "Malam, ni ce fa. Shekarata hamsin da biyu."

"Na ce miƙo hannu."

"Da hannun nake ɗinki."

Ta cusa hannayenta biyu ƙarƙashin hammata ta juya masa baya. Bai yi gardama ba, ya karɓi bayan. Ɗanyen reshen dabino ba ya karyewa, lanƙwasa yake yi ya naɗe jiki, ya tafi da fata. Ya yi mata takwas, bokiti ɗaya bulala ɗaya, yana ƙirgawa da ƙarfi yadda ya saba. Da ya gama ya jefa reshen bayan kicin, ya wanke hannu, ya ce ta kawo masa shayi.

Daga ranar abin ya zama aiki. In akuyar maƙwabta ta leƙo, reshe. In ta shanya wanki igiyar ta taɓa ganye, reshe. Ya taɓa gwada busasshe ya karye a bugu na biyu, tun daga nan ya ce shi ɗanye yake so, kuma na Gimbiya, don ita ce kusa da kujerarsa, rassanta kuma sun fi laushi. Mai Keke ta koyi kwanciya rub da ciki. Ta koyi sa riga biyu cikin zafi. Duk ranar da ta ji wuƙar nan tana fere ƙaya, sai ta tsayar da keke, ta ajiye almakashi, ta ɓoye hannayenta ta jira. Bayanta kam ta ba shi, amma hannun ta rantse ba zai samu ba. Da hannun nan ta ɗinka wa 'ya'yanta suturar da suka girma a ciki, kuma shi kaɗai ne abin da yake nata a gidan.

Wata biyu ana haka, Gimbiya ta fara canzawa. Sabon ganyen da ke fitowa daga tsakiyar kanta ya yi fari fat, ya langaɓe gefe guda. Hedimasta ya ƙara mata taki, ya ƙara mata bokiti biyu, ya kewaye ta yana leƙe har wuyansa ya ƙage. Da abin ya ƙi, sai ya nemo mai laifi, kuma bai yi nisa wajen nema ba.

Wata ranar Talata da hantsi ya tarar da kumfa a ƙasa, taku huɗu daga gindin bishiyar, inda ta ɗauraye kwanuka.

"Ashe ke ce! Ruwan sabulu kike zuba mata!"

"Wallahi Malam ban taɓa ba. Can nake zubarwa a kwata, wannan fantsama ce."

"Kishi kike da ita. Na daɗe da lura da irin kallon da kike mata."

Ranar bai zauna a kujera ba. Ya sare reshen ya yo kanta da shi yadda yake, da ganyensa da ƙayarsa. Ƙayar dabino ta kai tsawon yatsa, tsininta kuma ya fi na allura. Ba ta samu damar juya baya ba. Ta ga abin ya nufo idonta, hannunta na dama ya tashi da kansa ya tare. Ƙaya ɗaya ta shige tsakanin babban yatsa da manuni, ta nutse har can cikin gaɓa, da ya fizge reshen ta karye a ciki. Ta ƙwalla ƙara ta durƙushe. Bai tsaya ba sai da ya cika goma, sauran ƙayoyin suka yayyaga mata riga da kafaɗa. Jini ya ɗiga a siminti, ya ce ta wanke kafin ƙuda su taru su dami bishiya.

Ramin ƙayar ɗan mitsitsi ne, kwana biyu bakinsa ya rufe. Kwana huɗu hannun ya kumbura ya yi sheƙi. Ta ɗauki almakashi ya suɓuce, ta ɗauki allura ba ta ji ta a yatsa ba. Ta gwada yanka da hagu ta ɓata yadin mutane. Sai ta zauna gaban keken tana kallonsa, ranta ya ɓaci fiye da ranar dukan.

"Malam, ina so in je asibiti. Ƙayar tana ciki, ina jin ta."

"In sun tambaye ki me ya same ki, ki ce me?"

"In ce ƙaya ce."

"Su ce garin yaya, su ce buɗe kafaɗa mu gani. Rabin ma'aikatan wurin nan ɗalibaina ne. So kike ki zubar min da mutuncin shekara talatin da biyar a kan ɗan tsinke? Ki gasa da ruwan zafi."

Ta gasa da ruwan zafi. Ta shafa man zafi, ta ɗaure da ƙyalle. Masu ɗinki suka fara zuwa karɓar kayansu ba a ɗinka ba, kowa da 'yar sannunsa a baki, idonsa a kan ƙyallen, babu mai tambaya ta biyu. Katangar gidan ba ta da tsawo, duk layin sun san sautin ɗanyen reshe. Bokiti talatin da biyu kuwa suna nan, da hannun hagu yanzu, tana tafe ruwa na zuba a ƙafarta.

A kwana na goma yayar Hedimasta ta zo, wadda kowa ke kira Yaya Babba. Mai Keke ta ja ta ɗaki, ta rufe ƙofa, ta kwance ƙyallen, ta kuma sauke riga daga kafaɗa. Yaya Babba ta kalli shatar da ke kwance kan shata, ta kawar da kai da sauri.

"Rufe, rufe. Ai ke ma kin san halinsa, mutum ne mai tsari. Ba ya shaye-shaye, ba ya yawon banza, bai taɓa barin ki da yunwa ba. Abu ɗaya tal yake so a duniya, 'yan itatuwan nan. Shi ma sai an ɓata masa rai a kai?"

"Yaya, hannun nan ruɓewa yake yi."

"Ajiye aiki ba sauƙi gare shi ba, mutumin da ya saba ɗaruruwa suna miƙe masa tsaye. Ki lallaɓa shi. Kuma don Allah kada yaran nan su ji, kar ki haɗa su da ubansu."

Da za ta tafi ta tsaya gaban Gimbiya ta riƙe haɓa. "Kai, wannan bishiya ta rame. Sannu ƙanina, Allah ya ba ta lafiya."

Mai Keke ta kira wanta a waya, wanda yake tuƙin babbar mota. Ya saurara har ta gama, ya ja numfashi. Ya ce yana kan hanya, ba zai dawo ba sai wata ya ƙare. Ya ce ɗaki biyu gare shi da yara shida, ina zai sa ta? Ya ce da girmanta, da jikoki, a ce ta yi yaji, ai abin dariya ne. Ya ce in ya dawo zai zo su zauna da Malam. Ta ce to, ta kashe wayar.

Kwana goma sha bakwai, zazzaɓi ya rufe ta, ta kasa ɗaga bokiti. Nan ne fa hannun ya dami Hedimasta, don ƙasa ta bushe a gindin bakwai ɗin duka. Ya ce ta zo ya cire mata ƙayar kowa ya huta. Ya zaunar da ita a baranda, ya danne wuyan hannun da gwiwarsa a kan benci, ya ɗauko wuƙar nan tasa ta yankan reshe ya goge a wando. Ya tsaga. Mugunya da baƙin jini suka feso masa a riga. Ya ci gaba da tono da bakin wuƙar yana cewa ta daina motsi, ita ke hana shi gani. Ta cije mayafinta har ya huje, daga baya ta daina jin komai. Da ta farfaɗo tana kwance a siminti, shi kuma yana can yana wanke wuƙa. Bai samu ƙayar ba. Ya ce wataƙila ma babu wata ƙaya, raki ne.

Bayan wannan tsagar yatsun biyu suka fara duhu. Wari ya fara fita daga ƙyallen, irin wanda turare ba ya rufewa. Abin mamaki, tsakar gidan ma ta ɗauki wani wari mai tsami daga wajen Gimbiya, wani ruwa ja-ja yana tsatsowa daga jikinta. Da rana tsaka, in gidan ya yi tsit, Mai Keke tana kwance a baranda takan ji wani ɗan sauti daga cikin kututturen, ƙus, ƙus, ƙus, kamar ɓera a buhu. Ba ta faɗa masa ba. Ta san in ta buɗe baki, wani reshen ne zai sauko.

Ita Gimbiya ba a ce ta gasa da ruwan zafi ba. Hedimasta ya buga wa malamin gona waya sau uku a yini ɗaya, har da roƙo. Washegari da safe mutumin ya iso, matashi ne mai fara'a, da jakarsa a kafaɗa. Aka ce Mai Keke ta kawo wa baƙo ruwa. Ta kawo da hagu, ta tsaya jikin ginshiƙin baranda don jiri ya hana ta komawa.

Malamin gona ya kewaya bishiyar sau ɗaya, fara'arsa ta ɗauke. Ya kara kunnensa a jikinta.

"Ranka ya daɗe, zo ka sa kunnenka nan."

Hedimasta ya kara. Ƙus, ƙus, ƙus.

Matashin ya cusa yatsa a gurbin wani reshe da aka yanke, yatsan ya nutse kamar a ruɓaɓɓen gwanda. Ya zaro wata farar tsutsa ƙatuwa mai jan kai, tana mutsu-mutsu a tafinsa.

"Ga mai aikin nan. 'Ya'yan wani jan ƙwaro ne mai dogon baki. Suna ciki da yawa, sun cinye ta. Dabino zuciya ɗaya gare shi, can tsakiyar kai, in ta tafi shi ke nan."

"Ruwan sabulu ne ya jawo su," in ji Hedimasta, yana harar baranda. "Na faɗa."

"A'a, sabulu bai yi wannan ba. Ƙwaron nan ba ya iya huda lafiyayyen jiki, ƙanshin sabon yanka yake bi ya zo ya zuba ƙwai. Busasshen reshe in ka cire, babu komai. Amma ɗanye, in ka yanke shi daf da jiki ka bar wurin a buɗe, ka buɗe masa ƙofa ke nan. Wa yake yanke mata ɗanyun rassa haka?"

Hedimasta ya yi gyaran murya. "Gyara ne. Don ta sha iska."

"Gyara?" Matashin ya bi gurabun da yatsa yana ƙirgawa. "Sha bakwai, sha takwas, sha tara. Ɗanyen reshe goma sha tara a 'yan watanni? Sauran shidan ba a taɓa su ba, ga su nan lafiya lau. Me ake yi da su ne?"

"Ashirin da ɗaya ne."

Duk suka juya. Mai Keke ce, muryarta a dushe.

"Duba ta baya, wajen katanga. Akwai biyu a can ƙasa."

Malamin gona ya leƙa, ya gan su. Ya ɗago a hankali. "Mama, ya aka yi kika san adadinsu?"

"A jikina suke ƙarewa, ɗana."

Ta kama bakin ƙyallen da haƙori ta warware. Matashin ya ga hannun, ya ja da baya yana salati.

"Koma ciki!" Hedimasta ya daka tsawa, jijiyar wuyansa ta miƙe. "Na ce koma ciki, marar kunya!"

Ba ta motsa ba. Ƙafar Hedimasta ta ja shi zuwa inda ya saba, gindin Gimbiya. Babu wuƙa a hannunsa, sai ya cafki reshe ɗaya na tsakiya ya fizga da ƙarfi. Reshen bai yi gardama ba. Ya taho da na kusa da shi, ya taho da zuciyar bishiyar gaba ɗaya, baƙa, jagab, tsutsotsi na zubowa a kan takalminsa. Kan Gimbiya ya karkata ya kife a ƙasa. Hedimasta ya tsaya da abin a hannu, bakinsa a buɗe. Sai ya zube a gindinta ya fashe da kuka, kuka na gaske, har da majina. Shekara talatin da ɗaya suna tare, ranar Mai Keke ta fara ganin hawayensa.

Ta bi ta gefensa ta fita. Malamin gona ne ya tare mata tasi ya kai ta asibiti.

Likita ta duba hannun da kyau. Ta ce da a makon farko aka zo, aikin minti ashirin ne. Da ba a tona da wuƙa mai datti ba, da an ceci yatsun. Yanzu kam sai dai a ceci sauran hannun. Aka cire babban yatsa da manuni, su biyun da ke riƙe allura, su biyun da ke shiga kunnen almakashi. Ƙayar kuwa an same ta kwance a cikin gaɓa, baƙa, ko lanƙwasa ba ta yi ba. Likita ta sa ta a 'yar kwalba ta ajiye mata a gefen gado.

A can gida, aka sare kututturen aka ƙone don kada ƙwaron ya kama sauran. Mazan layin suka taru suna kallon hayaƙi, suna ba Hedimasta hannu ɗaya bayan ɗaya. Sannu da rashi, ranka ya daɗe, shekara bakwai kana wahala da ita. Su ne dai mutanen da suka yi wata uku suna jin sautin reshe ta kan katanga, suna ƙara muryar rediyo. Bishiya ta samu masu jaje sun fi ashirin. Matar da ke gadon asibiti, in ka cire malamin gona da 'yarta ta fari da ta taso daga nesa tana kuka tana cewa don me aka ɓoye mata, babu wanda ya taka ya je.

Sai a kwana na biyar Yaya Babba ta zo da lemo a leda. Ta zauna a bakin gado, ta kalli bandeji, ta yi tsaki na tausayi.

"Ƙaddara ce, babu mai tsallake ta. Shi ma yana can ba ya ci ba ya sha, duk ya zabge. Ya ce in gaya miki ya yafe miki maganar da kika yi a gaban baƙo. In an sallame ki ki koma ɗakinki. Sauran shidan nan kwana da kwanaki ba su ga ruwa ba, kin san shi da bayansa."

'Yar ta miƙe za ta yi magana, uwar ta tsayar da ita da ido. Mai Keke ta daɗe tana kallon hannunta, yatsu uku a leƙe daga farin ƙyalle. Ta tuna kekenta yana can an rufe shi da zane, da rigar wata yarinya a ƙarƙashin allura, hannu ɗaya an ɗinka, ɗaya ba a ɗinka ba. Ba ta yi kuka ba. Ta miƙa hagu ta ɗauko 'yar kwalbar, ta sa a tafin Yaya Babba, ta rufe mata yatsu a kai.

"Ki kai masa wannan, Yaya. Ta Gimbiya ce, ita kaɗai ta rage ba a ƙone ba. Kwana ashirin da huɗu ina riƙe masa ita. Ki ce masa ban dawowa. Ruwa kuma, famfo yana zuwa ƙarfe shida, bokitin yana bayan kicin. Yatsunsa goma ne."